Azara da katako: Icen da ke riƙe da rayuka a ɗakunan karkarar Kano

Duk mai yawan leƙa Facebook ko TikTok ya saba cin karo da hotunan falo masu daɓen katako, sumul, suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu. Irin waɗannan hotuna sun daɗe da isa wayoyin samari a Bichi da Dambatta da Minjibir, har wani mai shirin ginin ɗakin aure kan tsaya ya tambayi kafinta ko za a iya yi masa irinsa.

Sai dai a ƙauyukan arewacin Kano, ƙafa ba ta saba taka ice a cikin ɗaki ba. Daɓe na ƙasa ne ko na siminti. Ice yana bisa kai: ko dai azarar da ta ɗauki rufin soro, ko katakon da aka kafa wa kwano. Wuri ɗaya ne kawai ice ke zama daɓe, wato a benen ƙasa, inda azarar da ta rufe ɗakin ƙasa ita ce kuma ke ɗauke da masu zama a ɗakin sama.

Shi ya sa zaɓen ice a wannan yanki ya wuce batun ado. Duk damina, musamman idan marka ta sauka a watan Agusta, sai an ji labarin ɗakin da ya rufta wa iyali cikin dare. Akan ce ruwa ne ya yi yawa, kuma gaskiya ne. Amma kafin ruwan ya kai ga kayar da rufi, yawanci icen da ke riƙe da shi ya daɗe da mutuwa ba a sani ba.

Tan biyu a bisa kan mai barci

Yadda magina ke rufa soro bai sauya sosai ba tun kaka da kakanni. Ana jera azara daga bango zuwa bango, a shimfiɗa zana ko asabari ko karan dawa a kai don kada ƙasa ta zubo, sannan a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a daddale ta, a karkata ta zuwa inda indararo yake.

Azara ba ta iya ɗaukar wannan nauyi idan tazarar ta yi faɗi. Masanan da suka auna gine-ginen Hausa, irin su Z. R. Dmochowski, ɗan ƙasar Poland da ya shafe shekaru yana zana tsofaffin gidaje da masallatan Arewa, sun nuna cewa tazarar da azara ɗaya ke ɗauka ba tare da tallafi ba ba ta cika wuce ƙafa shida ba, wato wajen mita 1.8. Don haka ne tsofaffin ɗakunan ƙauye suke da matsi. Idan ana son ɗaki ya fi haka faɗi, sai magini ya fito da gajerun azara daga cikin bango, hawa kan hawa, su rage tazarar, ko ya giciye kusurwoyi, ko kuma ya ɗaura baka. Daga nan ne aka samu bakan gizo da ɗaurin guga, irin waɗanda ake gani a Gidan Makama da fadar Kano.

Ga lissafi mai sauƙi. Ɗakin da yake mita 3 a tsaye da mita 3 a kwance, idan kaurin ƙasar rufinsa santimita 15 ne kacal, nauyinta ya haura tan biyu tun tana bushe. Wato kamar buhun masara ashirin ke nan a rataye bisa kan mai barci. Idan ƙasar ta sha ruwan kwana biyu ko uku, nauyin ya ƙaru.

Akwai kuma wani nauyin da ba a cika lissafawa ba. Kowace shekara kafin damina maigida kan sa a hau a yi yaɓe, a ƙara ƙasa a inda ta zaizaye. Aiki ne mai kyau, amma da wuya a ga wanda ya kankare tsohuwar kafin ya ɗora sabuwa. Bayan shekara goma sha biyar, rufin da aka yi wa azara daidai nauyinsa ya ninka kauri, azarar kuwa ita ce dai ta ranar farko, sai ma tsufa da ta ƙara.

A bene abin ya fi haka. Ɗakin sama ya fi bushewa, ɓera bai cika kai wa can ba, don haka nan ake son jibge amfanin gona bayan kaka. Buhu goma na gero tan guda ne. Idan aka tara su a tsakiyar ɗaki, an ɗora su daidai inda azara ta fi rauni. Tsofaffin magina kan ba da shawarar a jingina kaya masu nauyi a jikin bango, a bar tsakiya fili.

Namiji da mace

Azarar asali daga giginya ake fasa ta. A yankunan da suka fi bushewa, can wajen iyakar Jigawa da Katsina, ana fasa ta daga goruba, sai dai ita goruba tana rassa, don haka azararta ba ta kai ta giginya tsawo da miƙewa ba.

Giginya iri biyu ce, namiji da mace. Macen ce ke 'ya'ya. Namijin kuwa fure kawai yake yi, kuma shi magina ke nema, domin icensa ya fi tauri, ya fi cika. Haka abin yake a goruba.

Ko a jikin namijin ma ba ko'ina ke da amfani ba. Giginya ba kamar maɗaci ko kirya take ba, waɗanda ƙarfinsu ke a zuciya. Ita ƙarfinta a gefe yake, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe da juna kamar an dunƙule waya. Tsakiyarta garas-garas ce, tana shan ruwa, tana ruɓewa da wuri. Sannan idan giginya ta kai kimanin shekara 25 takan yi ciki, wato kumburin nan da ake hange a samanta. Daga cikin zuwa sama icen ba shi da ƙwari. Azarar kirki daga gindi zuwa ƙasan kumburin ake samunta.

Saboda haka mai sayen azara yana da abubuwan dubawa, kuma ba sai ya zama magini ba. Ya ɗaga ta ya ji nauyi. Azara mai kyau tana da nauyin da ya fi ƙarfin girmanta. Ya dubi bakinta inda aka yanke: idan baƙin ɗigo-ɗigon jijiyoyin ya cika fuskar, ta nuna, idan fari ya fi yawa, ko dai bishiyar ba ta tsufa ba ko an haɗa da tsakiya. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan gatari. Mai kyau amo take yi, marar kyau kuwa sai ta amsa a dushe. Ƙusa ma shaida ce, domin tsohuwar azarar namiji tana iya lanƙwasa ƙusa.

Abin da ke ruɗar masu saye shi ne, a tulin azara ɗaya akan gauraya mai kyau da marar kyau, a sa musu kuɗi ɗaya. Wanda ya aiki yaro ko ya saya ta waya, abin da aka ɗora wa amalanke shi zai karɓa. Kuma azara ɗaya marar ƙwari a cikin jeri ta isa ta jawo matsala, domin idan ta sare, nauyinta kan na kusa da ita yake komawa.

Ina giginyar ta tafi?

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, daga Gezawa zuwa Makoda, gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta. Wannan ne yankin da Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi suna wajen nazarinsa tun shekarun 1960.

Wani abin da nazarin nasa da na abokan aikinsa ya gano ya ba mutane da yawa mamaki. A littafin da suka fitar a 1990 kan itacen girki a Kano, sun nuna cewa cunkoson jama'a bai share bishiyoyin gonakin da ke kusa da birni ba. Manoma na tsare bishiyoyinsu, domin kowace tana da mai ita kuma tana da amfani. Itacen da birni ke ƙonawa daga nesa ake kawo mafi yawansa.

To amma wace bishiya manomi ke tsarewa? Ɗorawa tana ba da kalwa, kuka tana ba da miya, tsamiya da mangwaro suna kawo kuɗi duk shekara, gawo yana gyara gona ya ciyar da dabba. Namijin giginya kuwa sai ya tsaya shekara talatin ko arba'in bai ba da ko ɗa ɗaya ba, ranar da aka sare shi ne kawai zai yi amfani. Wanda gonarsa ke raguwa duk lokacin da aka raba gado, da wuya ya shuka abin da jikansa ne zai mora.

Sai kuma muruci. Ƙwallon giginya da aka binne ya tsiro shi ne murucin da ake dafawa ana tallarsa a tasha. Kowane muruci da aka ci, giginya ce da ba za ta tsaya ba. Ba laifin mai talla ba ne, abinci ne kuma sana'a ce, amma idan ana sare manya ana cinye ƙanana, ba a buƙatar masani ya faɗi inda za a kwana. A cikin birnin Kano akwai unguwar Giginyu, sunan kaɗai ya isa ya nuna abin da ya taɓa tsayawa a wurin.

A Jamhuriyar Nijar an ɗauki lamarin da muhimmanci. Dazuzzukan giginya na Dallol Mawri da ke yankin Gaya, a jihar Doso, sun daɗe suna ciyar da garuruwan ƙasar da azara, kuma da aka ga suna ƙarewa sai aka shigar da mutanen ƙauyukan wurin cikin tsaro da kula da saran, ana ƙayyade yawan da za a sare.

A nan gida, dashen da hukuma ta fi mayar da hankali a kai shi ne na darbejiya da turare. Shingayen turare da aka dasa a yankin Dambatta don tare iska suna nan shaida, kuma Kano na cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa. Waɗannan itatuwa suna saurin girma, kuma sandunansu ne yanzu ke maye gurbin azara a rufin talaka. Darbejiya da ta tsufa tana da ɗan juriya ga ƙwari. Amma sandar da aka saro daga reshe ɗan shekara uku ko huɗu kusan duk farin ice ce, wanda gara ke so. Turare kuma yana tsagewa idan ya bushe da gaggawa. A yi rumfa da su ko turken dabba, babu laifi. A ɗora musu tan biyu na ƙasa a kwanta a ƙarƙashi, wannan kasada ce.

Katakon kasuwa

Mafi yawan sababbin ɗakuna a yankin yanzu rufin kwano ne, ko da ginin na ƙasa ne. Katakon da ake kafa kwanon a kai ba a Kano ya tsiro ba. Daga dazuzzukan kudu da na tsakiyar ƙasa tireloli ke kawo shi, a sauke a manyan kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su rarraba shi zuwa garuruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya hau, kuma duk abin da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita sai ya nuna a farashinsa.

Tsadar ta tura masu gini zuwa abubuwa biyu: farin katako maimakon ja, da siriri maimakon mai kauri. Inda ya kamata a sa tu-bai-fo sai a sa tu-bai-tiri, inda ya kamata a jera shida sai a jera huɗu. Farin katako marar nauyi, irin obeche, yana da daɗin aiki, ƙusa na shiga ba gardama, amma ƙwari na cinsa kamar tuwo.

Babbar matsalar da ba a cika magana a kai ba ita ce ɗanyen katako. Ana yanka shi a daji mai laima, a loda shi yana jiƙe, ya iso Kano cikin 'yan kwanaki. Idan aka kafa shi a haka, hunturu na zuwa zai zuƙe ruwan jikinsa, ya motse, ya murɗe, wani ya tsage daidai inda ƙusa ta shiga. Ƙusar da ta kama gam a watan Nuwamba sai ta zama tana girgiɗi a watan Mayu, daidai lokacin da guguwar farkon damina ke tasowa. Rufin da iska ke yayewa ta jefar a gonar maƙwabci sau da yawa daga nan matsalarsa ta faro, sai kuma rashin ɗaure katakon da jikin gini da ƙarfe.

Maganin ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. A sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa bisa duwatsu ko bulo, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane hawa don iska ta ratsa, a danne saman da abu mai nauyi, a bar shi makonni. Wanda zai murɗe zai nuna halinsa tun yana ƙasa. A rana kuwa ba a shanya katako, fashewa yake yi.

Akwai abin takaici a wannan fanni. Kawo, wanda ke tsirowa a dazuzzukan Najeriya, yana cikin itatuwan da Turawa suka fi so wajen yin daɓen katako, saboda ba ya yawan motsewa ko kumbura. Madobiya kuwa an yi ta sararta a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Chana don yin kujeru da gadaje na alfarma, har sai da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido daga 2017. A taron 2022 aka ƙara kawo da maɗaci a jerin. Wato mai yiwuwa daɓen da saurayin Bichi ke sha'awa a waya, icensa daga dajin ƙasarsa ya fita. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ruwa ne ke buɗe wa gara ƙofa

Idan aka tambayi magidanci abin da ke kashe icen ɗaki, gara zai fara ambata. Amma gara ba ta son busasshen wuri. Daga ƙasa take tasowa, tana gina hanyarta da laka don kada iska ta busar da ita, kuma icen da ya jiƙa ya fara ruɓewa shi ta fi afka wa. Ko azarar da aka san ta da gagarar gara, idan ta shekara tana shan ɗigon ruwa, sai ta yi laushi.

Wurin da azara ke fara mutuwa shi ne bakinta, inda ta shige cikin bango. Nan ne ruwan da ya kwanta a gefen rufi ke tsiyaya, nan ne kuma ido ba ya gani. Sai a ɗaga kai a ga tsakiyarta baƙa wuluk tana sheƙi, alhali bakin da ke riƙe da ita ya zama gari.

Don haka kula da azara daga saman rufi ake fara shi. Indararo ne jigon aikin: idan ya toshe da ganye ko leda, ko ya karye, ko ya yi gajarta har ruwan ya riƙa bin bango, to an fara ƙirga kwanakin ɗakin. Ciyawar da ke tsirowa a kan soro ba ado ba ce, saiwarta huda take yi. Kwarin da ruwa ke kwanciya a ciki bayan an ɗauke sama, shi ma alama ce cewa azarar da ke ƙarƙashinsa ta fara sunkuyawa, kuma cike shi da ƙasa ƙara mata kaya ne.

Magabata suna da kayan da suke hana ruwa shiga. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana jiƙa ta a kwaɓa ƙasar yaɓe da ita. Masu hali kuma laso suke yi, haɗin katsi na gindin karofin marina da gashin jima da dafara. Da marinar ƙauye ta mutu, katsi ya yi wuya. Yanzu wasu kan shimfiɗa leda a tsakanin ƙasar rufi, wasu su shafe saman da siminti. Ledar tana taimakawa muddin ba ta huje ba. Simintin kuwa ba ya kama ƙasa da kyau, zafin rana na fasa shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta zauna a jiƙe a ƙarƙashinsa.

Daga cikin ɗaki kuma, alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai dubawa. Garin ice mai laushi a kan gado ko tabarma da safe yana nufin ƙwaro na huda a sama. Zanen laka da ya hau bango hanyar gara ce. Tabon danshi a kusurwa, ƙofar da ta fara cijewa ba dalili, tsagar da ta fito a saman bango daidai inda azara ta zauna, duk saƙo ne. Sukudireba ko tsinin wuƙa ya isa gwaji: a soka a bakin azara kusa da bango, idan ya shige ba da ƙarfi ba, a tokare wurin da gofa a fitar da masu kwana, sannan a nemi magini.

Jinkirin kwana ɗaya ma yana iya zama da yawa. A ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya fara ginawa a shekarun 1830, ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara.

Batun maganin gara kuma yana son taka-tsantsan. Abin da kafintocin ƙauye suka fi amfani da shi shi ne baƙin mai na inji, wani lokaci a gauraya da kananzir ko maganin ƙwari na gona. Masu ɗan hali su sayi Solignum. Shafawa da buroshi fatar katako kawai take kamawa, don haka duk inda aka sake yanka da zarto sai an sake shafawa, kuma bakin katako ya fi ko'ina buƙata domin ta nan yake shan ruwa. Baƙin mai yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa, ga wari, ga saurin kama wuta, bai dace da icen da ke buɗe a ɗakin kwana ba. Gamalin da tsofaffi suka sani kuwa, sinadarinsa na cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009 saboda illarsa ga mutum. Duk maganin da zai kashe gara, ba a shafa shi a ɗakin da ake ajiye hatsi.

Kwalliyar da ke rufe ɓarna

Wani sabon yayi ya shigo wanda ke ƙara wa lamarin haɗari. Idan za a kawo amarya tsohon soro, ba a son a ga baƙar azara. Sai a buga silin na roba ko a manna yadi a rufe ta ruf. Ɗaki ya yi kyau, hoton jere ya fito. Amma daga ranar an rufe idon maigida. Garin ice ba zai ƙara faɗowa a gani ba, ɗigon ruwa zai taru a bayan roba, gara ta yi shekara tana aiki ba mai damunta. Wanda ya ga dole sai ya yi silin, ya bar ƙofa ɗaya da za a iya buɗewa a haska da tocila.

Haka ledar da ake shimfiɗawa a daɓe. Daɓen gargajiya, wanda mata kan taru su buga da madaɓi suna waƙa, a yayyafa masa ruwan makuba har ya yi ja ya yi tauri, yana numfashi: danshin da ya taso daga ƙasa yana fita. Idan aka lulluɓe shi da leda, danshin ya tsaya, gara ta samu inuwa. Daga nan sai ƙafar gado da gindin wardirob. Kayan ɗakin zamani kuma yawancinsu ba katako ba ne, garin ice ne da aka matse da gam, wanda kafintoci ke kira MDF. Ruwa kaɗan ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi. Iyaye su sayar da sa ko gona su yi wa 'ya kayan ɗaki, damina biyu ta gama da su. Ɗora ƙafafun kayan a kan tayil ko ɗan dutse, da janye su kaɗan daga bango, da ɗaga ledar a share ƙarƙashinta lokaci-lokaci, suna ƙara musu shekaru.

To, daɓen katakon fa?

Ana iya yinsa, kuma akwai shi a wasu gidajen birni. Amma duk abubuwan da aka lissafa a sama suna jiransa a ƙasa, har da ƙari.

Katako yana kumbura a damina ya motse a hunturu, kuma a faɗinsa yake yin hakan. A Kano tazarar da ke tsakanin laimar Agusta da bushewar Janairu babba ce ƙwarai. Wanda aka shimfiɗa a damina zai buɗe baki a hunturu, ƙura ta cika tsakaninsa. Wanda aka shimfiɗa a hunturu aka matse shi da bango zai tashi ya yi tozo idan ruwa ya sauka. Shi ya sa masu aikin kan ajiye katakon a cikin ɗakin na kwanaki kafin su shimfiɗa, su kuma bar tazarar kamar santimita ɗaya a jikin kowane bango.

Ba a ɗora shi a kan ƙasa kai-tsaye. Sai an zuba kankare, ya bushe sarai, an shimfiɗa leda mai kauri da za ta tare danshi. Ba a kwara masa ruwa a wanke kamar siminti, tsumma mai ɗan laima kawai yake so. Yashin tsakar gida da ke bin tafin ƙafa kuwa goge shi yake yi kamar sanfefa. A gidan da ake alwala a bakin ƙofa, yara na shiga da fita, randa na kusurwa, kaskon wuta na shigowa ɗaki lokacin sanyi, da wuya ya kai shekara uku da kyansa.

Yawancin abin da ake gani a hotunan ma ba katakon gaske ba ne. Wani hoton ice ne aka manna a kan matsattsen gari, wani roba ce, wani kuma tayil ne da aka yi wa zanen katako. A cikinsu tayil ɗin ne kaɗai bai damu da ruwa ko gara ko hunturu ba, kuma ana samunsa a shagunan kayan gini na Kano.

Magina da kafintoci kan fi samun kira a watan Yuli da Agusta, lokacin da ɗaki ya riga ya fara zuba, ƙasa ta jiƙe, ba a iya hawa rufi ba tare da an ƙara masa rauni ba. Lokacin duba azara da sauya indararo da kankare tsohon yaɓe shi ne Maris da Afrilu, rufi na bushe, hannu bai shiga aikin gona ba, kuma kuɗin amfanin kaka bai gama ƙarewa ba.